Mutanen da Yoyon Banɗaki Ke Tarawa

Gidan ƙasa na da bai ɓoye wa kowa hanyar ruwansa ba. Makewayi na can ƙuryar gida, ruwan wanka ya bi rariya ya ɓulla bayan katanga, ya faɗa kwatami ko kwata. In rariyar ta toshe, yaro za a aika da kara ya zungure ta. Da aka shigo zamanin bene da ɗaki mai banɗaki a ciki, sai aka ɗauki wannan hanya aka binne ta cikin kankare, aka lulluɓe ta da tayil ta sama, aka rufe ta da silin ta ƙasa. Yanzu ruwan wankan mai ɗakin sama ta kan mazauna falo yake wucewa, kuma abin da ya raba su da shi bai wuce bututun roba mai faɗin inci 2 ba, da ɗan gam ɗin da wani yaron falamba ya shafa, ko ya manta bai shafa ba, shekara da shekaru.

Ranar da abin ya lalace, alamunsa iri ɗaya ne daga Kano har Yamai: tabo ruwan ƙasa a silin, fenti ya kumbura, wani farin gishiri ya tsatso a bango, daga baya a fara jin ɗis, ɗis cikin dare. Wuraren da ruwan ke sulalewa kuwa da wuya su wuce huɗu. Ko dai bakin magudanar ne, inda ƙarfenta ya haɗu da tayil. Ko mahaɗar bututu da gwiwarsa a ƙarƙashi. Ko layukan tayil da kusurwar da bango ya haɗu da daɓe. Ko kuma magudanar ba ta da laifi sam, bututun da ke kawo ruwa daga tanki ne ya tsage a cikin bango. Gano mai laifi a cikinsu aikin kwana ɗaya ne ko biyu. Abin da ke mai da shi aikin shekara shi ne jama'ar da yoyon ke tarawa, kowa da halinsa.

Mai Bokiti

Shi ya fi kowa yawa. Ranar da uwargida ta fara nuna masa tabon, ɗaga kai ya yi ya duba, ya ce, "Zufa ce, gini yana yin haka." Da tabo ya koma ɗigo, ya sa aka kawo bokiti. Da ɗigo ya zama biyu, aka ƙara da baho. Kafin wata ya zagayo an sauya zaman falo: doguwar kujera ta matsa gabas, talabijin ta koma kusurwa, an naɗe kafet, yara sun raba kwanan zubar da ruwa a tsakaninsu. In baƙo ya yi sallama sai a ce masa, "Bi ta nan, Malam, ana ɗan aiki ne." Babu aikin da ake yi.

Uzurinsa ba ya ƙarewa: albashi bai shigo ba, in ya shigo ga kuɗin makaranta, ga azumi, ga ragon layya. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne duk ɗigon da ya iso bokitinsa sai da ya ratsa dekin. A cikin dekin akwai rodi, rodi kuma in ya sha ruwa da iska tsatsa yake yi, tsatsar tana cin wuri ninkin ba ninkin na ƙarfen da ta cinye, sai ta riƙa tura kankaren daga ciki har ya tsage ya fara ɓantalewa. A cikin dekin ɗin ne kuma aka binne bututun wayar lantarki, shi ya sa a gidaje da yawa ruwan ke fitowa ta gindin ƙwan fitila ko ƙugiyar fanka, wurin da ya kamata a kashe wutar ɗakin kafin kowa ya taɓa. Silin POP kuma shan ruwa yake yi yana ƙara nauyi, ba ya sallama in zai sauko. Mai Bokiti yakan nemi lambar falamba ne washegarin ranar da silin ya sauka a kan tiren abincin surukai.

Injiniyan Waya

Ɗan boko ne, kuma ya sayi data. Ya raba dare yana kallon YouTube, inda wani Bature a Amurka ya gyara irin wannan yoyo cikin minti goma yana murmushi. Gidan Baturen na katako ne, silinsa allo ne da wuƙa ke yankawa, wurin wankansa kwanon roba ne zubin masana'anta, a ƙarƙashinsa akwai noti da zoben roba. Ya yanka silin, ya kwance noti, ya sa sabon zobe, ya ɗaure, ya ce a danna masa alamar so.

Gari na wayewa Injiniya ya nufi Ƙofar Ruwa da jerin sunayen kaya a waya. Yaron shago ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya miƙo masa wani abu dabam, ya ce, "Shi ne, Oga, suna ne kawai ya bambanta." Ya dawo gida ya hau tebur, ya yanka POP daidai kan tabon, ya haska tocila. Babu noti, babu zobe, sai kankare mai kaurin inci 6 yana kallonsa. Ko bututun ma ba ya wurin, domin ruwa in ya shiga dekin yakan yi tafiya ta gefe, ya bi jikin rodi ko tsaga, ya ɓullo nesa da inda ya shiga. Yanzu falon yana da yoyo, yana kuma da taga a sama.

A yi masa adalci, ya ƙaru da wani abu. Shi kaɗai a gidan ya san amfanin lanƙwasar da ke ƙarƙashin magudana: tana riƙe ruwa mai zurfin kamar santimita 5, ruwan ne ke tare warin sokawe da kyankyasai, kuma in an daɗe ba a shiga banɗakin ba, musamman da hunturu, ruwan kan ƙafe wari ya taso. Ya san ma cewa wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1775. Kowa ya sha wannan karatu a wurinsa, har falamban da ke tsaye yana jiran kuɗin mai.

Sarkin Ɗauri

A duniyarsa babu abin da ya fi ƙarfin robar tsohon tub ɗin babur. Da ita ya ɗaure famfon tsakar gida, da ita ya ɗaure ƙafar kujera da murfin janareta. A kwalinsa akwai leda, da Super Glue da yake haɗawa da yashi, da Araldite, da guntun kwalta, da silikon rabin kwalba wanda bakinsa ya daskare tun bara.

Inda bututun yake a waje, manne da bayan bango, ɗaurinsa kan yi wata biyu ko uku. A cikin banɗaki ne asirinsa ke tonuwa. Yana shiga bayan an gama wanka, daɓe a jiƙe, ga santsin sabulu, sai ya matsa silikon kewaye da magudana ya shafe da ɗan yatsa. Silikon ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, ba ya kama datti, ba ya kama tsohon silikon. Bayan mako sai ya ɗago, shi kuma ya ƙara wani a kai, ya bi da siminti, ya bi da kwalta. A hankali ya gina wa magudanar ganuwa. Daɓen wurin wanka ana yi masa gangare ne na kamar santimita 2 a kowace mita domin ruwa ya gudu zuwa rami. Ganuwar Sarki ta tare gangaren, ruwa ya kwanta a kan tayil yana neman kowace kafa. Falamban da za a kira daga baya rabin yininsa a kankare tarihin gyare-gyare zai ƙare.

Uwargida Mai Haɗi

A wurinta duk ciwon magudana toshewa ne, kuma tana da rabin gaskiya. Gashi da zaren soso da daskararren sabulu da yashin ƙafa su ke cushe bututu, ruwa ya tsaya, tsayuwar ta sa shi neman hanyar da ba tasa ba. Maganinta ne abin tsoro. Ta zuba soda, ta bi da tafasasshen ruwa, ta ƙara asid ɗin wanke tayil, in wari bai tafi ba ta rufe da Hypo.

Soda in ta haɗu da ruwa zafi take yi da kanta. Bututun PVC an yi shi ne don ruwan da zafinsa bai wuce digiri 60 ba, tafasasshen ruwa kuwa yana kusa da 100, saboda haka yau da gobe sai bututu ya yi laushi, mahaɗa ta saki. Asid yana sa tayil ƙyalli, amma yana cin farin simintin da ke tsakanin layuka har ya bar kwari. Haɗa asid da bilic kuwa hayaƙin kulorin yake tayarwa, wanda ke shaƙe numfashi, balle a ɗan banɗakin da tagarsa ba ta fi faranti ba.

A nan ne Kaka ke samun bakin magana. Tun ana yara take cewa, "Ke 'yar nan, ba a zuba ruwan zafi a makewayi, akwai masu wurin." Masu ƙera bututu ba su san da masu wurin ba, amma hukuncinsu da na Kaka ya zo ɗaya. Maganin toshewar kuwa waya ce mai lanƙwasa a baki: a ɗaga murfin magudana, a zura, a murɗa, a jawo. Abin da ke fitowa dunƙule ne baƙi mai jela, kuma a tarihin gidajen aure ba a taɓa samun wadda ta amsa cewa gashinta ne ba.

Falamba Mai Guduma

Ya iso a kan babur, jaka a baya, yaro a bayan jaka. Ya shiga banɗaki, ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa tayil da bayan sifana, ya girgiza kai a hankali, ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?" Wannan tambaya ita ce bisimillarsa a kowane gida, har da gidajen da shi ya yi aikin da hannunsa.

Ba ya tambayar yaushe ruwan ke ɗiga, da ana wanka ne ko da an kwanta. Ba ya sauka ƙasa ya ga tabon. "Sai an fasa," shi ke nan. Kafin azahar an ɗaye rabin daɓe, ƙura ta kai ɗakin girki, an tarar bututun lafiyarsa ƙalau. Sai ya share gumi ya ce laifin mai tayil ne. Mai tayil in an kira shi zai ce birkila ne bai ba da gangare ba, birkila ya ce haka injiniya ya zana, injiniya kuma ya daɗe da komawa Abuja.

Daga nan sai babin kuɗin kaya. Ya karɓa ya tafi kasuwa, daga ranar kuma sai a waya. "Gani nan a hanya, Alhaji." "Na shiga masallaci ne." "Wallahi rasuwa aka yi mana a ƙauye." Iyali suna wanka a banɗakin maigadi, shi kuwa yana can yana fasa daɓen wani gidan. Ranar da ya dawo za a gano abu na ƙarshe: irin wannan tayil ɗin an daina shigo da shi. A zaga Ƙofar Ruwa, a aika Panteka a Kaduna, a tambaya Dei-Dei, ba za a samu ba. Shi ya sa banɗakuna da yawa ke da daɓe shuɗi da faci ruwan ƙasa a tsakiya, tamkar wandon makaniki.

Mai Neman Sauƙi

Shi bai yarda a aiki falamba kasuwa ba, da kansa yake zuwa. Mai shago ya ajiye masa bututu biyu masu faɗi ɗaya, ya ce, "Yallaɓai, mai kauri ko ɗaya ɗin?" Ɗaya ɗin in an danna shi da babban yatsa lotsawa yake yi. Shi zai ɗauka, yana cewa ai cikin siminti za shi, wa zai gani.

Soket ma ba ya saye. Sai a kunna kwali ko takardar siminti, a gasa bakin bututu har ya yi laushi ya yi baƙi, a tura ɗan'uwansa a ciki. Bakin da aka gasa ya ƙara siranta, ya karkace, ba zai taɓa zama daidai ba. Gam ɗin PVC kuma aikinsa narkar da fatar bututun biyu ne su haɗe su zama abu ɗaya, don haka yana bukatar baki mai tsabta, busasshe, mai shiga cif. Gwangwanin da Mai Neman Sauƙi ya tono a sito ya yi kauri ya zama kunu. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma shi a kan bakarsa yake: ya rage kuɗin soket guda, ya kuma adana lambar mai fasa daɓe saboda baɗi.

Na Sama, Na Ƙasa da Mai Gida

A gidan haya yoyo kan zama shari'a, domin mai wankan ba ya ganin ɗigon, mai ganin ɗigon kuma ba shi ya yi wankan ba. Na ƙasa ya hau bene da sallama da fara'a: "Maƙwabci, kamar ruwa na ɗan sauko mana." Na sama ya buɗe masa banɗaki ya nuna daɓe a bushe: "Ka gani da idonka. Mu fa ba ma yawan wanka." Hawa na biyu babu fara'a, na uku matan ne ke yi, daga nan yara su daina wasa tare.

Kiyateka ya zo ya ɗauki hoto, ya ce zai tura wa Alhaji. Alhaji ya ce ai lokacin da ya ba da gidan ba ya yoyo, amma su gyara a cire a kuɗin haya, maganar da ba a rubuta ta ba, ba kuma za a tuna ta ba ranar biya. Shi nasa gyaran guda ɗaya ne, sai na ƙasa ya gaji ya tashi yake yin sa: bokitin fenti. A shafe tabon fari tas, dillali ya kawo ango da amarya su yaba hasken falo. Tabon kan ba su mako biyu su gama cin amarci.

'Yan Majalisa

Ba su ga banɗakin ba, amma kowa ya san ciwon. Wani ya ce ruwan sama ne, ana tsakiyar Janairu. Wani ya ce unguwar a kan jijiyar ruwa take, bai dai faɗi yadda jijiyar ta tsallake ƙasa ta hau bene ba. Wani ya rage murya ya ce a bincika, ba kowa ke son mutum da gidan sama ba. Dattijon cikinsu ya kaɗa carbi ya ce su a zamaninsu ba a kwana ɗaki ɗaya da makewayi, duk wanda ya shigar da shi ɗaka ya ji da shi. Kowannensu kuma yana da wani yaro ƙwararre da zai turo.

Mai Bula

Wannan ba shi da yawa, ba shi kuma da farin jini a gida, domin farkon abin da yake yi shi ne hana wanka. Ya kulle banɗakin yini da kwana. In ɗigon ya ci gaba ba wanda ya yi wanka, ya san bututun tanki ne; ya rufe makunnin ruwa ya tabbatar. In ɗigon ya tsaya, sai ya kaɗa bula a bokiti, ya ɗura ruwan kai-tsaye cikin magudana da mazurari, ba tare da ya jiƙa daɓe ba, ya sa yaro ya tsaya a ƙasa da tocila. Shuɗi ya ɓullo, bututu ne ko gwiwarsa. Bai ɓullo ba, sai ya toshe ramin da tsumma a cikin leda, ya tara ruwa a daɓe kamar tsawon gaɓar yatsa, ya yi alama da alli a bango, ya bar shi awa 24. In ruwan ya sauka, layukan tayil ne ko bakin magudana.

Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa: a ƙwaƙule tsohon farin siminti, a bar wuri ya bushe sarai, a cike layuka, a zagaye bakin magudana da kusurwoyi da silikon. In kuwa bututu ne, tayil biyu ko huɗu za a ɗaga maimakon ɗaki guda. Falamban kirki, kuma akwai su, da irin waɗannan tambayoyi yake farawa, shi ya sa ake gane shi tun kafin ya buɗe jaka.

Mai Wankan Gaggawa

An gama aiki da la'asar. An yi wa kowa bayani cewa silikon da farin siminti suna son awa 24 ba ruwa. An ja ƙofa, an ɗaura tsumma a mariƙi, an jingina tsintsiya, an ma rubuta takarda an manna. Maigida ya tafi masallaci da kwanciyar hankali.

Shi kuwa wannan bawan Allah, ko ƙanin uwargida ne da ya dawo daga ƙwallo, ko baƙon da ya sauka daga mota da magariba, yana da ɗaurin aure ko zance da ba ya jira. Ya kawar da tsintsiya, ya kwance tsumma, takardar kuma ya ɗauka ta jiya ce. Ya sakar wa kansa shawa har da waƙa, ya ga wani farin abu mai danƙo a bakin rami ya sa ƙafa ya murje shi, don shi mutum ne mai tsabta. Ya fito yana ƙamshi, ya tarar da mutanen gida tsaye a falo kowa ya ɗaga kai sama, ya ce, "Yaya, lafiya? Ai banɗakin nan ya yi kyau, sai dai an bar muku datti a wajen ramin, na cire."